Ranar Da Zaure Ya Ji Muryata

Kun daɗe kuna tambayata dalilin da ya sa ban taɓa yin magana a zaurenmu ba sai a makon nan. Wasu sun ce jin kai ne, wata ma ta rantse cewa ni namiji ne na laɓe a bayan hoton fure. To yau zan faɗa muku, kuma daga tushe zan ɗauko saboda waɗanda suka shigo jiya.

A shagon buga takardu nake aiki, tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran takalma. Kwamfuta biyu gare mu, da firinta mai cin takarda duk ranar da ta tashi da rigima, da injin fotokwafi wanda sai an ɗan mare shi a gefe yake farkawa. A kan teburin nan na buɗe zauren Da Bakinta a waya shekara biyu da suka wuce. Tsarin mai sauƙi ne. Mace ta turo saƙon murya ta ba da labarin ranar da ta yi abin da take tsoro, ni kuma in sa iyafis a kunne in rubuta, in cire sunanta, in sa a shafi kowa ya karanta. Mu goma sha ɗaya muka fara, har da 'yan ajinmu biyu da suka shigo don kada in ji kunya. Yau mun haura dubu uku.

Wallahi matan nan sun cika min ido. Akwai nas ɗin da ta ƙi sa hannu a takardar da ta san ƙarya ce, alhali shugabanta na tsaye a kanta. Akwai dattijuwar da ta shiga ajin koyon karatu tana da jika tara, take zama a benci ɗaya da sa'ar 'yarta. Ina sauraronsu in ji kamar in miƙe tsaye don girmamawa. Sai dai ni da suke kira Mai Zaure, ko tarina ba su taɓa ji ba.

Ina da in'ina. Ba irin 'yar ƙaramar nan da ake cewa tana ƙara wa mace kyau ba. Tawa idan ta kama ni, kalma takan tsaya min a baki kamar ƙofar katako da ta sha ruwa, in yi ta turawa, leɓena na rawa, idona na rufewa. Tun ina ƙarama ba a barina in kai ƙarshen jimla. Umma ta ƙarasa min, malamai su ƙarasa min, kwastoma ma ya ƙarasa min ya kuma ƙarasa ba daidai ba, in gyaɗa kai don a wuce wurin. Shi ya sa na ƙaunaci rubutu, a nan babu wanda ke rigana.

Sai ga Malam Lissafi. Haka na ajiye lambarsa a wayata, saboda lissafi yake koyarwa a sakandare, kuma ko saƙo zai turo sai ya sa na ɗaya, na biyu. Takardun jarrabawa ya kawo a buga masa, dogo ne siriri, rigarsa a goge tsaf amma hannun rigar duk garin alli. Sau uku yana dawowa gyaran abin da babu kuskure a ciki, a na huɗu ya bi ta hannun Gwaggo, yayar Abbanmu, wadda take maƙwabtaka da su.

Kada ku zagi Gwaggo, don tana sona. Ita ce ta share min hawaye shekara uku da suka wuce, lokacin da wani ya zo sau ɗaya, ya ji ina ƙoƙarin cewa “barka da zuwa”, ya duba agogo, bai sake waiwayo gidanmu ba. Tun daga ranar ta ɗauki alwashin ba za a sake yi mana haka ba. Dabararta kuwa ita ce in yi shiru.

“Ki sunkuyar da kai kawai,” in ji ta, tana gyara min mayafi a gaban madubi. “Za a ce kunya ce. Kunya kuwa ba ta taɓa korar miji ba.”

Haka muka yi wata huɗu. Kowace Asabar da yamma Umma ta goge tebur ɗin gilashi, ta cire ledar kujeru, ta fito da kofunan baƙi masu bakin zinare. Ni in sa doguwar rigata ruwan toka ko mai ruwan zuma, in zauna a gefen kujera. Gwaggo ta zauna kusa da ƙofa da carbinta kamar ba ta ji, amma da ya jefo tambaya ita ke cafewa. Ya ce ya aiki, ta ce ai aiki sai godiya, yarinyar nan ba ta da ƙiwa. Kalmomina uku ne, na kuma yi musu atisaye a banɗaki: eh, a'a, lafiya lau. Idan ya kira waya ba na ɗauka, sai in rubuta masa cewa akwai kwastoma. A rubutu kuwa mu raba rana muna hira, in tsokane shi, ya rama.

Ran nan ya rubuto: “Na ɗaya, a waya ke aku ce. Na biyu, a falo ke hoto ce. Na uku, wacce zan aura a ciki?”

Na tura masa fuskar dariya kawai. Saura mako uku manyansa su zo a tsayar da magana, Gwaggo kuma ta ce idan an ɗaura ya ji da kunnensa, ai ba cuta ba ce. Ina son mutumin nan, 'yan uwa. Ina sonsa har ina jin tsoron ranar da zai ji ni.

Ana cikin haka wani saƙo ya shigo zaure daga wata da ta ce a kira ta Direba. Minti tara tana magana, da tari, da dariya, da ƙarar hon a bayanta. Mijinta ne yake jan bas ɗin ɗaukar 'yan makaranta, sai idonsa ya fara mutuwa. A lokacin tana da shekara arba'in da ɗaya, ko keke ba ta taɓa hawa ba, ta ce masa ya zauna a gefe ya riƙa faɗa mata, ita za ta zama idonsa. A filin bayan unguwa ta koya, shi yana jin inji da kunne yana cewa canza giya. Shekara goma sha shida ke nan tana kai yara tana ɗauko su.

Labarin ya tafi da ni, sai na yi masa abin da na saba yi wa kowane labari, wato kwalliya. Na cire tarin, na cire maimaici, na cire wurin da ta ce ranar farko da ta fito da bas ita kaɗai ta sa ribas maimakon giya ɗaya ta rushe katangar maƙwabci. Na ga kamar wannan zai rage mata daraja. A madadinsa na rubuta cewa ta riƙe sitiyari hawaye na bin kumatunta, zuciyarta kuwa ko gezau. Na sa a shafi ranar Litinin, aka yi ta yabo. Da ta rubuto tana tambayar inda shagonmu yake, har na gyara zama, na ɗauka godiya za ta zo yi.

Ranar Laraba da hantsi bas ya tsaya a ƙofar shago ya tare mana haske gaba ɗaya. Wata 'yar gajeriyar mata ta diro, ta cusa gefen hijabinta a ɗamara, takalmin roba a ƙafa, tabarau ɗaure da zare ta bayan kai, makullai na lilo a wuyanta. Hannunta na kalla, kauri gare shi kamar na mai aikin gini. Ta yi sallama, ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke ce Mai Zaure?”

Na gyaɗa kai ina murmushi.

“'Yata ta karanta min abin da kika rubuta. Wace ce wannan matar?”

Murmushin ya tsaya min a fuska.

“Don ni dai ban yi kuka ba,” ta ce. “Gumi na yi har zanena ya jiƙe, ƙafata na rawa a kan kuloci kamar ta mai keken ɗinki. Sannan ina katangata?”

Ta ja kujerar kwastoma ta zauna ba tare da an ce mata bismillah ba, ta wanke ni tas cikin ruwan sanyi. Ta ce ranar da katangar ta faɗi, unguwa kaf ta fito kallo, maƙwabcin ya fito da buroshi a baki, mijinta kuma yana daga tsakar gida yana tambaya wa ya mutu. Ta ce ta zauna a cikin bas ta yi dariya har cikinta ya ƙulle, don ta ga abin da take tsoro ya riga ya faru kuma ga ta da rai. Da hannunta ta taya magina ɗora bulo, washegari ta sake tayar da mota.

“'Yar nan, ba don a tafa min na turo ba. Akwai wata can tana son ta koyi wani abu. Idan ta karanta naki za ta ce ni jaruma ce, an haife ni da sitiyari a hannu. Ranar da ta buge tata katangar sai ta ajiye makulli ta ce ita ba irina ba ce. Kin gane ɓarnar da kika yi?”

Na gane. Na buɗe baki in ce ta yi haƙuri, sai abin ya kama ni a kan harafin farko. Na tura, na tura, idona ya rufe, na ji zufa na tsattsafo min a ƙarƙashin ɗankwali. Ina jiran ta ce “haƙuri, na sani”, kamar yadda kowa ke yi.

Ba ta ƙarasa min ba. Ta jingina da kujera, ta kama makullanta tana juyawa, tana kallona kamar yadda ake kallon mai magana. Da na tsaya numfashi sai ta ce, “Ɗauki lokacinki. Bas ɗina ma da safe sai na ba shi minti biyar, kuma bai taɓa ƙin kai mu ba.”

Na ƙarasa jimlar da kaina. Na ƙara wata, na ƙara wata. Kusan minti goma ina ba ta haƙuri ina bayani, matar nan ba ta ɗora min kalma ko ɗaya ba. Shekarata ashirin da shida, ranar ce na fara sanin yadda mutum yake ji idan an jira shi. Da za ta tafi ta leƙo ta tagar bas ta ce in mayar mata da katangarta kafin a tashi yara.

Na mayar. Na goge rubutuna, na sa muryarta yadda take da izininta, da tarin da hon ɗin da komai, na kuma rubuta a ƙasa cewa shekara biyu ina yi wa labaransu kwalliya, su yafe min. Na ɗauka za a watse a bar ni. Sai ga nas ɗin nan ta turo sabon saƙo, ta ce abin da ba ta faɗa ba shi ne bayan ta ƙi sa hannu, banɗaki ta ruga ta yi ta amai don tsoro. Dattijuwa mai jika tara ta ce sati biyu tana riƙe littafi a kife babu wanda ya iya gaya mata. Kafin yamma kalmar ta zama tamu, kowa sai ta fara da “ga tawa katangar”. Ban taɓa ganin zauren ya cika da rai irin na ranar ba, kuma ban taɓa ganin girman matan nan kamar yadda na gani da suka daina zama jarumai ba.

Ranar Alhamis wata ta rubuta: “Mai Zaure, kowa ta kawo tata. Ina taki?” Mata suka yi ca, kowa na cewa a fito da Mai Zaure. Na san kuma ƙanwar Malam Lissafi tana cikin zauren, ita da kanta ta taɓa gaya min. Duk abin da na saka, kafin shayi ya huce ya isa gidansu.

Na samu Umma a ɗaki tana ninke wanki, Gwaggo na zaune a bakin gado tana tsinke zaren mayafin da zan sa ranar Asabar. Na faɗa musu abin da nake son yi, wato in tura muryata zauren, a tsaitsaye. Gwaggo ta ajiye almakashi. Ta ce mako uku kacal ya rage, me zai ci ni idan na yi haƙuri. Ta ce matan waya ba su za su zauna da ni ba idan ya gudu, ita ce za ta sake share hawaye, kuma ta gaji da ganin ana wulaƙanta 'yar ƙaninta. Na ƙarshen nan ne ya sa ban iya jin haushinta ba.

Na fara cewa, “Gwaggo, idan ya au... au...”

“Aure ki,” Umma ta ce, sai kuma ta kama bakinta da hannu. Ta daɗe tana kallon rigar Abba da ke cinyarta. “Kin ga, na sake. Tun kina shekara huɗu nake yi miki haka. Na ɗauka taimakonki nake.” Ta juya wurin Gwaggo. “Yaya, mu bar ta ta ƙarasa.”

Na ƙarasa. Na ce idan ya aure ni a haka, hoton falo ya aura, ni kuma zan ƙare rayuwata ina tsoron buɗe baki a ɗakina. Gwaggo ta ɗauki mayafin ta ci gaba da tsinke zaren da ya riga ya ƙare.

Washegari da azahar, da shago ya yi sauƙi, na shiga sito na zauna a kan kwalin takardu na janyo ƙofa. Sau bakwai ina ɗaukar muryata a waya ina gogewa, ina neman wanda in'inar ta fi sauƙi a ciki. A na bakwai na kama kaina, na ga kwalliyar ce dai nake sake yi. Na takwas ya fi duka muni, a sunan zauren kaɗai na yi kusan rabin minti. Abin da na ce bai fi a faɗa a minti ɗaya ba: ni ce Mai Zaure, wannan ce muryata, na ɓoye ta saboda kunya, na kuma goge tarinku da tsayawarku saboda nawa nake gudu. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya ya ci. Na runtse ido na tura.

Sannan na tura masa shi ma, don bai kamata ya ji a bakin ƙanwarsa ba. Na rubuta a ƙasa: “Wannan ce amsar tambayarka ta uku. Idan ban gan ka ranar Asabar ba, na fahimta, kuma ba zan riƙe ka ba.”

Alama ta nuna ya saurara. Bai ce komai ba.

Zaure kuwa ya ɗauki wuta. Saƙonni na shigowa har waya ta yi zafi a hannuna. Wata ta ce ɗanta ma haka yake, daga yau ta daina ce masa ya yi sauri. Wadda ta ce ni namiji ne ta turo ban haƙuri mai layi goma. Direba ta turo nata gajere, ana jin hayaniyar yara a baya: “Na ji ki. Kin mutu a hanya sau shida, amma kin kai kowa gida.” Na yi dariya da hawaye a tare. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, duk daɗin nan ido ɗaya nake karanta shi, ɗayan yana kan sunan Malam Lissafi. Awa ɗaya, awa biyu, shiru. Na buga wa wani kwastoma takarda a juye har sau biyu.

Ƙarfe huɗu saura wayar ta yi ƙara. Kira ne, ba saƙo ba. Wata huɗu ban taɓa ɗaukar kiransa ba, yatsana har ya tafi wurin rubuta akwai kwastoma. Na koma sito, na ɗauka, na ce bari in riga shi yin sallama.

Ta maƙale. Tun a farkonta ta maƙale, na yi ta turawa, iska kawai ke fita. Ina jin ƙarar fankar ofishinsu, ina jin ana jan benci a wani aji, ina jin numfashinsa. Na ce a raina yanzu zai amsa tun ban gama ba don ya rage min wahala, daga nan kuma shi ke nan, ya shiga layin masu tausayi. Daƙiƙa goma, goma sha biyar, ashirin.

Bai katse ni ba. Sai da na kai ƙarshenta da kaina, sannan ya amsa min ita cikakkiya, a hankali, kamar babu abin da ya faru.

“Na ɗaya,” ya ce, “ina aji ne, shi ya sa ban kira da wuri ba. Na biyu, raina ya ɓaci.”

Na ƙanƙame wayar, sai ya ci gaba.

“Wata huɗu ina goge riga ina zuwa hira da Gwaggo, ashe ke kina da abin faɗa.”

Na zame daga kan kwalin na zauna a ƙasa, ina dariya ina share ido da gefen mayafi. Na tambaye shi ko akwai na uku, tambayar ma ta ɗauki lokacinta, ya jira ta. Sai na ji muryarsa ta canza.

Ya ce ƙanwarsa ta riga ta kunna wa Hajiyarsu a kicin. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake kunnawa, ta sake saurara. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Abin da kawai ta ce shi ne ranar Asabar ya yi zamansa a gida, ita za ta zo da kanta.

Ban san da me za ta zo ba, shi ma ya rantse bai sani ba. Umma ta riga ta fito da kofuna masu bakin zinare tun yau tana wankewa. Gwaggo ta aiko a gaya min za ta zo da wuri, na ce a ce mata kujerarta na nan kusa da ƙofa, ta zo da carbinta. Amma na gaya wa Umma, na kuma sa ta maimaita wa Gwaggo: idan Hajiya ta gaishe ni, ni zan amsa, ko da shayin zai huce kafin in gama.